Tambaya da Amsa: Rim ɗin aloyi, ado ne ko aiki?

Assalamu alaikum masu karatu. Wanga mako kusan duk saƙonnin da sunka shigo a kan rim suke, musamman na aloyi, wato wanda anka yi da sanholo, don haka na ware filin gaba ɗaya gare shi. Wanda bai ga tambayarshi ba ya yi haƙuri, in ya duba da kyau zai tsinci amsarshi cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah shi ƙara basira. Ina da Corolla 2006 da rim na ƙarfe inci 15 wanda taz zo da shi. Wani abokina ya matsa min in canza in sa aloyi, wai mota za ta ƙara gudu, ta rage shan mai, sitiyari kuma ya yi daɗi. Don Allah gaskiya na, ko dai zancen masu son saida kaya na? Kuɗin ba kaɗan ba ne kuma albashi ka san yadda yake. Daga wani malamin makaranta, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka bai yi ƙarya ba amma ya ƙara gishiri, bari in warware maka abin daga tushe.

Nauyin mota kashi biyu ne. Akwai wanda ke zaune bisa sifirin da shoka, wato bodi da inji da kujeru da kai da iyalinka da buhun da ke cikin but. Akwai kuma wanda ke ƙarƙashin sifirin, ba abin da ke ɗauke da shi sai ƙasa, shi ne taya da rim da faifan birki da hob (cibiyar da rim ke zama a kai) da boris. Wanga na biyun shi ke tsalle duk sa'adda ka taka gargada ko bakin rami. Taya ta bugi tudu ta tashi sama, aikin sifirin ne ya maida ta ƙasa da sauri, shoka kuma ta hana ta ci gaba da rawa. To in ƙafar tana da nauyi, idan ta tashi sai sifirin ya sha wahala kafin ya danne ta, kuma cikin wannan ɗan ƙiftawar idon taya ba ta manne da titi yadda ya kamata, tayar da ba ta manne da ƙasa ba kuwa birki bai aiki da ita, sitiyari bai aiki da ita. Raƙumi ka ɗora mishi buhu biyu a baya ya miƙe ya kama hanya ba ruwanshi, amma ɗaura mishi ɗan dutse a kowace ƙafa ka ga yadda tafiyar za ta lalace. Mota ma haka take, kilo ɗaya a ƙafa ya fi kilo ɗaya a but damunta.

Wannan shi ne ainihin amfanin rim mara nauyi, kuma inda za ka ji shi ba a miƙaƙƙen titi mai santsi ba ne. Za ka ji shi ne a kwana mai gargada, inda da can bayan motar ke ɗan zillo gefe, ko in ka taka birki bisa titin da kwaltarshi ta yi kunya-kunya saboda manyan motoci. Motar tana bin ƙasa, bugun da ke shigowa cikin kujera ya ɗan ragu, sitiyari ya ɗan fi saurin amsawa. Na ce ɗan, ka lura.

Zancen gudu da mai kuwa, a nan gishirin yake. Gaskiya ne inji yana aiki biyu a kan rim, yana tura shi gaba kuma yana juya shi, shi ya sa nauyinshi ke da ƙarin tasiri wajen tashi. Amma ko a lissafi tasirin bai wuce ninki biyu ba, masu cewa kilo ɗaya a rim daidai yake da kilo goma a mota ban san inda sunka samo shi ba. Mu ƙaddara ka rage kilo ɗaya da rabi a kowace ƙafa, kilo 6 ke nan, ninka shi biyu ya zama 12, a motar da ta kai kilo 1,200 kashi 1 cikin 100 ne kacal. Ba za ka ga wannan a gidan mai ba Malam. Tun da anka cire tallafi a 2023 kowa na neman dabarar rage shan mai, na sani, amma duba iskar tayarka da safe kafin rana ta buɗe da canza fulogi da matatar iska a kan lokaci sun fi sabon rim rage maka kuɗin mai nesa ba kusa ba.

Sai kuma abin da masu saidawa ba su faɗi: ba kowane aloyi ne ya fi ƙarfe sauƙin nauyi ba. Sanholo kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe in girmansu ɗaya, amma bai kai ƙarfe ƙwari ba, don haka dole a yi rim ɗin da kauri. Mafi yawan aloyin da ke kasuwarmu na zubi ne, narka sanholon anka yi anka zuba a mazubi, kuma mai arha daga ciki sai a cika mishi jiki don kada ya fashe, ka ɗaga ka ji ya kai na ƙarfe ko ya fi. Wanda ke da sauƙin nauyi da ƙwari tare shi ne wanda anka matse da injin mai ƙarfin gaske daga dunƙulen sanholo, shi kuma tsadarshi ta fi ƙarfin yawancinmu. Tun 1924 kamfanin Bugatti na Faransa ya sa rim na sanholo a motarshi ta tsere Type 35, ka ga asalin abin don aiki anka yi shi, ƙyallin daga baya ya zo.

Shawarata: kafin ka biya, ɗauki rim ɗinka guda ba taya ka ɗauki wanda za ka saya ka je wurin masu cika gas ka roƙi arziki su ɗora maka bisa sikeli. In bambancin ya kai kilo ɗaya zuwa biyu kuma girman inci 15 ne, ka samu abin da kake nema. In bai kai ba, ado za ka saya, kuma ba laifi ba ne mutum ya sayi ado matuƙar ya san ado ya saya. Wanda na fi natsuwa da shi ga motarka shi ne aloyin Toyota na asali na irin wannan Corolla, ana samun shi cikin kayan Beljiyam.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Camry 2008 gare ni, na cire rim 16 na sa 18 da taya 225/40, wallahi motar ta yi kyau kowa na tambaya. Amma yanzu ko tsakuwa na taka sai na ji ta a baya na, sitiyari ya yi nauyi, mai na tafiya, kuma cikin wata biyu taya biyu sun yi ƙulu a gefe. Ai an ce aloyi sauƙi yake ƙarawa, mi ya faru? Daga wani matashi, Arkilla.

AMSA: Ƙanena, ba aloyin ne ya cuce ka ba, girman ne. Motarka da 215/60R16 ta saba zuwa. Waccan lamba ta tsakiya tana nufin tsawon gefen taya kashi 60 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 129 na roba da iska tsakanin rim da titi. Wadda ka sa yanzu, kashi 40 na 225, milimita 90 ke nan. Kusan santimita 4 ka cire daga abin da ke shanye bugu kafin ya iso ga shoka. In ka faɗa rami yanzu robar ba ta da wurin lotsawa, bakin ramin sai ya matse ta da bakin rim ya tsinke zaren da ke ciki, shi ne ƙulun da kake gani, kuma taya mai ƙulu ba ta da gyara, kada ka hau hanyar Tambuwal ko Gusau da ita cikin zafin nan namu da ke wuce digiri 40, fashewa za ta yi ba sallama.

Ga kuma wani abu da ba ka lura ba. Tsayin ƙafarka gaba ɗaya da can kusan milimita 664 ne, yanzu ya koma 637, ya ragu da kashi 4 cikin 100. Motar ta ɗan ƙara kusanci da ƙasa, kuma in mita ta nuna maka 100 kana wajen 96 ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3.

Nauyin fa? Rim 18 na zubi ya fi 16 nauyi kusan ko da yaushe, kuma nauyin ya koma can baki nesa da tsakiya inda ya fi wahalar juyawa, taya mai faɗi ita ma ta fi jan titi. Mujallar motoci ta Amurka Car and Driver ta gwada wannan a 2010 da mota Golf, sunka bi girma-girma daga inci 15 har 19, riƙon kwana ya ƙaru a filin gwaji mai santsi, amma tashin motar ya ragu kuma shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Su fa a titin da ba rami ke nan. Kai ko motocin tseren Formula 1 da inci 13 sunka yi shekaru suna gudu, sai 2022 sunka koma 18, saboda haka ƙaramin rim ba alamar rashin gudu ba ne.

In ranka bai son komawa 16, tsaya a 17 da taya 215/55, kamfanin ma ya fitar da wasu Camry na wannan zubin da ita. Za ka samu kyan, bayanka ya huta, aljihunka ma ya huta. Rim 18 ɗin ka saida tun kafin ɗaya ya tsage farashinsu ya faɗi.

TAMBAYA: Injiniya ni direban haya na, Golf 3 wagon, Sakkwato zuwa Illela kullum, wani lokaci har ƙauyukan ciki ranar kasuwa. An yi min tayin aloyi huɗu da araha. In karɓa? Daga wani direba, Kware.

AMSA: Kada ka karɓa Malam direba. Aikinka na ƙarfe ne. Rim na ƙarfe in ya bugi rami lanƙwasa yake, mai faci na bakin hanya ya sa guduma ya miƙe bakin ka sa iska ka kai fasinjanka gida. Aloyi na zubi bai san lanƙwasa sosai ba, in bugun ya yi yawa tsagewa yake, kuma ba mai gyara maka shi a Gwadabawa da rana tsaka. Ɗan sauƙin da munka yi magana a sama gaskiya ne, amma motar da ke ɗauke da mutane da buhunan albasa har bisa rufi ba za ta san an rage mata kilo biyar ba. Kuɗin ka sa su a shoka mai kyau da taya wadda ba ta tsufa ba. Kuma don Allah a rage lodi, kowane rim da kowace taya akwai iyakar nauyin da anka yi su don shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tayar gaba ta motata kullum sai ta rage iska, an duba ba ƙusa. Jiya mai faci ya ce rim ɗin ne ya tsage ta ciki, ya ce akwai mai walda da zai like min. Ni da yara nake yawo a motar, kai su makaranta da ɗauko su, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa, Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, kin yi daidai da kika tsaya tambaya. Da farko a tabbatar tsaga ce. A cire ƙafar a kwantar da ita, a kaɗa ruwan omo a zuba a zagaye bakin rim inda ya haɗu da taya, gaba da baya, da gindin bawul. Ki tsaya ki duba da idonki. In kumfa na tasowa ƙanana-ƙanana a jere tare da bakin taya, sau da yawa datti ne ko wani farin gari da sanholo ke yi in fentinshi ya ɓare, ko kuma tabon ƙarfen da masu faci ke zurawa su ɓanɓare taya, wannan a goge a gyara ba matsala. Shi ya sa ma nake cewa mai aloyi ya riƙa zuwa inda ke da injin cire taya, waɗannan ƙarafan da guduma na rim ɗin ƙarfe ne. In kuwa kumfar daga jikin rim ɗin kanshi take fitowa, a goge wurin za ki ga wani siririn layi kamar gashi, to tsaga ce.

In tsaga ce ni ban goyi bayan walda ba. Bayan an zuba rim ɗin aloyi a masana'anta ana gasa shi a wani zafi na musamman a sanyaya shi don ya yi ƙwari, wutar walda kuma tana warware wannan ƙwarin a kewayen inda ta taɓa, sai ki ga likin ya yi kyau amma gefenshi ya yi laushi, wata rana ya sake buɗewa. Ga shi sanholo bai yin ja kamar ƙarfe balle mai wuta ya gane ya isa, yana nan da launinshi har ya narke wajen digiri 660. Akwai ƙwararru masu injin waldar sanholo da kan like ƙaramar tsaga a leɓen ciki, ban musa ba, amma in tsagar ta taɓa hannuwan rim ko kusa da ramukan noti, ko ta fi ɗaya, babu wani gyara, a jefar. Motar da ke ɗaukar yara kuwa ko ta leɓen ce ni canzawa zan ce ki yi. Kafin ki samu wani a sa miki safaya, kuma in za a sayo guda a je da tsohon don a samo irinshi sak, kada a haɗa mai nauyi da mara nauyi a gaba.

TAMBAYA: Wai da gaske aloyi na sa birki ya fi kamawa? Daga wani ɗalibi, Wamakko.

AMSA: Ba ya ƙara ma birki ƙarfi, yana taimaka mishi ya huce ne. Sanholo ya fi ƙarfe saurin kwashe zafi, kuma yawancin aloyi a buɗe suke iska na shiga ta tsakanin hannuwan ta bugi faifan. Birkin da ya yi zafi da yawa yana rage kamu, saboda haka ga mai doguwar tafiya cikin bazara ko mai yawan taka birki akwai ɗan amfani. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba. Nisan tsayawa kuwa taya ce ke yanke shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe na sayi aloyi na Beljiyam masu kyau na sa ma Accord 2008. Ramuka biyar ne kamar nawa, sun shiga, sai dai yaron ya ɗan sha wahala wajen ɗaura notin. Tun ranar in na kai 90 zuwa 110 sitiyari sai ya kama rawa. An yi balansin sau biyu bai daina ba. Daga wani ɗan kasuwa, Gawon Nama.

AMSA: Alhaji, wannan wahalar ɗaura notin ita ta fi tayar min da hankali, ba rawar ba. Ramuka biyar ba duka ɗaya ba ne. Accord ɗinka da Camry 5x114.3 ne, wato ramuka biyar bisa da'ira mai faɗin milimita 114.3. Marsandi da Audi 5x112 ne, Corolla irin ta Malamin Mabera 5x100, BMW na da 5x120. Tsakanin 112 da 114.3 milimita biyu da ɗan kai ne, ido bai gani, yaro mai ƙarfi zai tura ya ɗaure, amma kowane noti a karkace ya zauna yana lanƙwasa ƙusar da ke riƙe da ƙafar, kuma ƙusar nan in ta gaji karyewa take. Yau ɗin nan a cire ɗaya a auna. In ba 114.3 ba ne ka maida musu kayansu, kuma kada ka yarda wani ya ce zai faɗaɗa ramin da dirili.

In awon ya yi daidai sai a duba ramin tsakiya. Hob ɗin Honda milimita 64.1 ne, rim na asali yana zama a kanshi cif ba wasa. Aloyin kasuwa da yawa ana yi musu rami babba don su shiga motoci iri-iri, in ka sa sai ya zamana ba abin da ya tsayar da rim a tsakiya, ya ɗan sauka kaɗan, injin balansin ba zai ga wannan ba don shi a tsakiya yake kama rim, a mota ne kawai rawar ke fitowa. Maganin ɗan zobe ne na roba ko sanholo da ke cike gibin, ba shi da tsada. Sannan a juya kowane rim bisa injin a sa ido a leɓen ciki, kayan Beljiyam da yawa sun sha ramukan wata ƙasa kafin su zo, daga waje lafiya lau daga ciki a lotse.

Ka juya rim ɗin ka duba bayan hannuwanshi, akwai rubutu a jiki, misali 17x7.5J ET55. Na farko girma da faɗi, ET kuma yadda rim ke shiga ciki ko fitowa waje. In lambar ta yi ƙasa da ta asali da yawa ƙafar za ta fito waje ta riƙa cin boris tana gugar bodi a kwana. Ka nemi tambarin JWL, alamar ƙa'idar Japan ce ta rim ɗin aloyi, duk da masu jabu ma sun iya buga ta, amma wanda ba shi da kowane rubutu ko kaɗan ni ba na sa shi a mota.

Noti ma ba a haɗa su. Gindin na Honda zagayayye ne, na aloyin Toyota shimfiɗaɗɗe ne mai washa, na yawancin aloyin kasuwa kuma mai tsini ne kamar mazurari, kowanne da mazauninshi, in ka sa wanda ba nashi ba a ɗan gefe kawai yake taɓawa kuma zai kwance a hanya. Wajen ɗauri, Honda ta ce 108 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), Toyota 103 ga Corolla da Camry, abin da hannu ke iya yi ne da sifana mai awo, ba a sa bututu a hau da ƙafa ana tsalle ba. A ɗaura su a tsallake, wannan sai na gabanshi can, ba bi da bi ba, kuma bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya a sake bin su ɗaya bayan ɗaya, don sabon aloyi yakan ɗan zauna notin ya saki.